William Hunter: Likitan da ya ce guringuntsin gwiwa ba ya sake tsirowa

A masallatai da dama na Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, ba a rasa ganin dattijon da ke yin salla a zaune kan kujera a gefen sahu. Sau da yawa gwiwa ce ta kai shi ga haka, bayan shekaru na sunkuyo da fartanya da ɗaukar kaya da doguwar tafiya a ƙasa.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, ƙashi idan ya karye mai ɗori ko likita ya ɗaure shi, cikin 'yan makonni sai ya haɗe. Amma guringuntsi, wannan farin abu mai santsi da ke lulluɓe kan ƙashi a cikin gaɓa, idan ya cinye ba ya dawowa.

Mutumin da likitocin ƙashi suka fi ambato idan ana wannan magana shi ne William Hunter, ɗan ƙasar Sikotland, wanda ya rubuta hakan a 1743 yana da shekara 25 kacal. Fiye da shekara 280 bayan nan, masana a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya na ci gaba da ƙoƙarin nuna cewa hukuncin nasa ba shi ne na ƙarshe ba.

Ɗan manomin da aka so ya zama limamin coci

An haifi William Hunter ranar 23 ga Mayun 1718 a wata gona da ake kira Long Calderwood, kusa da garin East Kilbride, kudu da birnin Glasgow. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya goma na John Hunter da matarsa Agnes Paul.

Gida ne da ya san rashi. Wasu daga cikin yaran sun rasu tun suna ƙanana, wasu kuma sun rasu da ƙuruciyarsu. Autan gidan shi ne John, wanda aka haifa a 1728, kuma shi ma ya zama ɗaya daga cikin shahararrun likitocin fiɗa a tarihin Turai.

Mahaifinsa ya tura shi Jami'ar Glasgow a 1731 yana ɗan shekara 13, da fatan ya zama limamin coci. Ya yi shekara biyar a can, ya ƙware a harshen Latin da na Girka, amma zuciyarsa ba ta kwanta da aikin coci ba. Ya bar jami'ar ba tare da digiri ba.

A nan ne ya haɗu da William Cullen, wani matashin likita da ke aiki a garin Hamilton. Daga 1737 ya zauna a gidansa yana koyon aikin likita. Daga baya ya je Edinburgh ya saurari darussan Alexander Monro kan tsarin jikin ɗan Adam.

Shirin da suka yi da Cullen shi ne ya je Landan ya ƙaro ilimi, sannan ya dawo su yi aiki tare. Ya tafi a 1740, kuma zamansa na Landan ya zama na har abada.

Gidan James Douglas

Da farko ya sauka a wurin William Smellie, ɗan ƙasarsu da ya yi suna wajen karɓar haihuwa. A 1741 ya koma gidan James Douglas, wani babban masanin tsarin jiki wanda shi ma yake karɓar haihuwa.

Douglas ya daɗe yana tattara bayanai don rubuta babban littafi kan ƙasusuwa, kuma yana buƙatar matashi mai hannu da zai taya shi feɗe gawa da shirya samfura. Hunter ya zama mataimakinsa, ya zama malamin ɗansa, sannan yana zuwa Asibitin St George yana koyon tiyata.

Douglas ya rasu a 1742, amma iyalinsa suka bar Hunter ya ci gaba da zama a gidan. Aikin ƙashi da gaɓoɓin da ya gada daga maigidansa ne ya haifar da maƙalar da ya gabatar wa Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, a 1743. An buga ta a mujallar ƙungiyar mai suna Philosophical Transactions, kuma ba ta kai shafi goma ba.

Abin da ya gani a ƙoƙon gwiwa

A zamanin babu hoton ƙashi, babu na'urar leƙa cikin gaɓa. Kayan aikin Hunter su ne wuƙa da ruwa da kakin zuma da kuma idonsa.

Ya jiƙa ƙoƙon gwiwa na tsawon lokaci har guringuntsin ya yi laushi ya fara tsagewa. Sai ya ga ashe ba dunƙulallen abu ɗaya ba ne. Ƙananan zaruruwa ne tsaitsaye, jere a matse, sun taso daga kan ƙashi. Ya kwatanta su da gashin karammiski da ke tsaye a kan yadinsa.

Ya kuma ɗura narkakken kaki mai launi cikin jijiyoyin jini don ya ga inda suke bi. Ya gano cewa jijiyoyin na yin zobe ne a gefen guringuntsi, a iyakarsa da ƙashi. Har yau littattafan koyar da likitoci na danganta wannan zobe da sunansa.

Ya bayyana amfanin guringuntsi ta hanyar da har yanzu ba a canza ba: santsinsa na barin ƙashi ya zame a kan ƙashi ba tare da gogayya ba, taushinsa kuma na rage ƙarfin bugu idan mutum ya yi tsalle ko ya taka da nauyi. Ya lura kuma shi kansa guringuntsin ba ya jin zafi.

Daga nan sai ya yanke hukuncin da ya sa ake tunawa da maƙalar. Ya ce tun daga zamanin Hippocrates, likitan tsohuwar Girka, masana sun yarda cewa gyambon guringuntsi cuta ce mai wuyar sha'ani, ta fi ruɓewar ƙashi wuyar magani, kuma idan guringuntsi ya lalace ba ya sake dawowa.

Masana na baya sun tabbatar da yawancin abin da ya gani, sun kuma ƙara bayani. A 1925 wani Bajamushe, Alfred Benninghoff, ya nuna cewa zaruruwan suna tasowa a tsaye ne sannan su lanƙwasa su kwanta a saman guringuntsin kamar bakan gizo.

An kuma gano dalilin da ya sa ba ya warkewa. Rauni a jiki na warkewa ne idan jini ya zo ya daskare a wurin, ya kawo ƙwayoyin halittar da za su yi gyara. Guringuntsin gaɓa na baligi ba shi da jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Mafi yawansa ruwa ne, kaurinsa a galibin sassan gwiwa bai wuce milimita biyu zuwa huɗu ba, ƙwayoyin halittar da ke cikinsa kuma 'yan kaɗan ne, kowace a kulle a ɗan gurbinta.

Abincinsa na zuwa ne daga ruwan da ke cikin gaɓa. Idan aka taka sai ya matse kamar soso, idan aka ɗaga ƙafa sai ya tsotsi sabon ruwa. Shi ya sa motsi ke ciyar da shi.

Makarantar feɗe gawa

Hunter ya ziyarci Faris, inda ya ga ana barin kowane ɗalibi ya feɗe gawa da hannunsa. A Landan kuwa, ɗalibai na zama ne su kalli malami yana yi. A watan Oktoban 1746 ya buɗe nasa darussan da tsarin Faris, kuma nan da nan ɗalibai suka yi masa caa.

A 1748 ƙaninsa John ya iso daga ƙauye yana ɗan shekara 20, ba shi da wani karatun kirki. William ya ba shi hannun gawa ya ce ya feɗe. Aikin ya yi kyau har ya sa shi kula da ɗakin fiɗa, suka yi sama da shekara goma tare.

Sai dai wannan ilimi na da ɓangarensa mai duhu. Doka a lokacin ba ta ba da gawarwaki don koyarwa ba sai 'yan kaɗan na waɗanda aka rataye. Makarantu irin ta Hunter sun dogara ne da masu tone kaburbura da dare su sayar da gawa, kuma galibi kaburburan talakawa ne abin ke shafa. Ba a gyara lamarin ba sai a 1832, kusan shekara 50 bayan rasuwarsa, lokacin da majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tsara yadda za a samu gawa don karatu.

A ƙarshen shekarun 1760 ya gina babban gida a titin Great Windmill da ke Landan, wanda ya haɗa wurin kwanansa da zauren lacca da ɗakin fiɗa da gidan adana kayan tarihi. Ɗaliban da suka fito daga hannunsa sun bazu a Birtaniya da Amurka. Cikinsu akwai William Shippen, wanda ya taimaka wajen kafa makarantar likitoci ta farko a Amurka, a birnin Philadelphia a 1765.

Likitan matar sarki

Ba ƙashi ne ya kawo wa Hunter kuɗi ba, karɓar haihuwa ne. A wancan zamani aikin ungozoma na mata ne, kuma ana yi wa namijin da ya shige shi kallon raini. Hunter, mutum mai tsafta da iya magana da rufa wa mutane asiri, ya samu karɓuwa a gidajen manya.

Jami'ar Glasgow ta ba shi digirin likita a 1750. A 1762 yana cikin masu kula da Sarauniya Charlotte, matar Sarki George na Uku, lokacin haihuwarta ta fari, kuma a 1764 aka naɗa shi likitanta. Ya zama mamban Royal Society a 1767, sannan a 1768 ya zama farfesan tsarin jiki na farko a Royal Academy, cibiyar masu zane ta Birtaniya.

An san shi da ƙin gaggawar sa ƙarfen jawo jariri a lokacin naƙuda. Ya fi son a yi haƙuri a bar jiki ya yi aikinsa, sai in babu makawa.

Babban aikinsa shi ne littafin da ya nuna tsarin mahaifar mace mai ciki, wanda ya fito a 1774 bayan sama da shekara 20 yana shirya shi. Yana ɗauke da manyan zanuka 34, yawancinsu aikin Jan van Rymsdyk, kuma John Baskerville ne ya buga shi a Birmingham. Matan da aka zana sun rasu ne da ciki, kuma ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya rubuta wata maƙala da aka buga bayan rasuwarsa, inda ya ja hankalin kotuna cewa alamomin da ake dogara da su wajen yanke wa mace hukuncin kashe jaririnta ba su da tabbas. A lokacin, irin wannan tuhuma na iya kai mace ga rataya.

Rigima har da ɗan'uwa

Hunter mutum ne mai kishin sunansa. Ya yi doguwar taƙaddama da Alexander Monro ƙarami, ɗan tsohon malaminsa, kan wanda ya fara gano aikin wasu ƙananan hanyoyin ruwa na jiki. Ya yi wata da likitan fiɗa Percivall Pott. Ya kuma rabu da abokin aikinsa William Hewson baram-baram.

Mafi ciwo ita ce ta 1780. John ya fito fili a gaban Royal Society ya ce shi ne ya gano yadda jinin uwa ke gudana a cikin mabiyiya, ba yayansa ba. William ya mayar da martani a rubuce. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma wannan saɓani ya raba 'yan uwan kusan shekara uku.

William bai taɓa aure ba. Ya zuba dukiyarsa wajen sayen littattafai da rubuce-rubucen hannu da zanuka da ma'adanai da tsofaffin sulalla, waɗanda yawansu ya kai kusan 30,000.

A shekarunsa na ƙarshe shi ma ya sha fama da ciwon gaɓoɓi, irin wanda ke zuwa da kumburi da raɗaɗi idan wani gishiri ya taru a cikin gaɓa. A watan Maris na 1783 ya tashi daga gadon jinya ya je ba da lacca, duk da an hana shi. Ya yanke jiki ya faɗi a zauren. John ya zo ya yi jinyarsa a kwanakin ƙarshe.

Ya rasu ranar 30 ga Maris na 1783 yana da shekara 64, aka binne shi a cocin St James da ke Piccadilly. Bai bar wa John komai a wasiyya ba. Gonar Long Calderwood ya bar wa ɗan 'yar uwarsa, likita Matthew Baillie, wanda daga baya ya miƙa ta ga John.

Kayan da ya tara kuwa ya bar wa Jami'ar Glasgow tare da fam 8,000 don gina musu mazauni. An buɗe gidan tarihin Hunterian a 1807, kuma shi ne gidan tarihi na jama'a mafi daɗewa a Sikotland.

Masu neman soke hukuncinsa

An shafe fiye da shekara 200 ba a samu wanda ya girgiza maganar Hunter ba. A 1959 Kenneth Pridie, likita a birnin Bristol, ya bayyana dabarar huda ƙashin da ke ƙarƙashin wurin da ya lalace, don jini da ɓargo su fito su cike gurbin. A shekarun 1980 Richard Steadman a Amurka ya inganta dabarar da ƙananan huji. Matsalar ita ce abin da ke tsirowa ya fi kama da tabo, kuma bai kai guringuntsin asali ƙarko ba.

A 1987 likitoci a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Lars Peterson, suka gwada wata hanya daban. Sun yanko ɗan guntun guringuntsi daga gefen gwiwar da ba ya ɗaukar nauyi, suka raba ƙwayoyin halittarsa, suka rene su a ɗakin gwaje-gwaje na 'yan makonni har suka zama miliyoyi, sannan suka mayar da su cikin ramin suka rufe. A 1994 Mats Brittberg da abokan aikinsa suka buga sakamakon marasa lafiya 23 a mujallar New England Journal of Medicine.

Shekara ɗaya kafin nan, a 1993, Robert Langer da Joseph Vacanti sun buga wata maƙala a mujallar Science da ta fito da sabon fanni fili: gina sassan jiki ta hanyar haɗa ƙwayoyin halitta da wani abin da za su kama su yaɗu a kai, kamar yadda kabewa ke bin rumfa.

A watan Disamban 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da MACI, inda ake shuka ƙwayoyin mutum a kan wani siririn shimfiɗi sannan a liƙa a gwiwa. Shimfiɗin daga jikin alade ake samo shi, abin da ya kamata Musulmin da ke neman irin wannan magani ya sani ya tambaya. A 2017 Tarayyar Turai ta amince da Spherox, wanda ke amfani da ƙwayoyin mutum da aka dunƙule ba tare da shimfiɗi ba.

A 2016 kuma masana a Jami'ar Basel ta Suwizalan, ƙarƙashin Ivan Martin, sun ba da rahoton gyara gwiwar mutum goma da guringuntsin da aka rena daga ƙwayoyin cikin hancinsu.

Inda maganarsa ke nan daram

Waɗannan dabaru sun fi dacewa da matashi ko magidanci da ya samu rauni a wuri ɗaya, kamar ɗan ƙwallo ko wanda ya yi hatsarin babur, alhali sauran gaɓar na da lafiya. Suna da tsada ƙwarai, galibi suna buƙatar tiyata biyu, ga watanni na gashi da motsa jiki a bayansu.

Amosanin gaɓɓai da ke cinye gwiwa gaba ɗaya a hankali labarinsa daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kimanin mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 mata ne. Har yanzu babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya cinye ta wannan hanya, komai daɗin bakin mai talla a kasuwa ko a Facebook.

Abin da ke taimakawa shi ne rage ƙiba, domin bincike ya nuna kowane kilo ɗaya da aka rage na sauke kusan kilo huɗu daga kan gwiwa a kowane taku. Sai ƙarfafa tsokar cinya, da ci gaba da tafiya daidai ƙarfi, da riƙe sanda in ta kama. Shan magungunan kashe raɗaɗi barkatai na tsawon lokaci kuma na iya illata ciki da ƙoda. Idan gwiwa ta gama lalacewa, likitoci kan sauya ta da ta ƙarfe da roba.

Akwai kuma yanayin da ba ya jira. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, musamman a jikin yaro, na iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa, kuma mugunya na iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Haka nan karayar da ta ratsa cikin gaɓa na buƙatar hoto kafin a ɗaure, domin ƙashi na iya haɗewa a karkace ya riƙa cin guringuntsin.

Ga mutanen kudancin Jigawa, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu na kusa, sannan ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959.

Hunter ya rayu a zamanin da babu maganin sa barci, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma gaɓar da ta ruɓe sau da yawa yanke ƙafa ne ƙarshenta. Abin da ya gani da kaki da wuƙa ya tsaya shekara 244 kafin a fara dasa ƙwayoyin guringuntsi a gwiwar ɗan Adam. A yau ana iya cike rami ɗaya a gwiwar matashi. Gwiwar dattijon da ta cinye gaba ɗaya kuwa, ita ce aikin da ya rage wa masana.